Hutu a siririn jirgin ruwa, daga Ellesmere zuwa Llangollen

A kusa da garin Ellesmere, a yankin Shropshire na Ingila, muka karɓi jirgin haya, ni da uwargida da yara. Dogo ne siriri, faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 kacal, saboda ƙofofin da zai ratsa a kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa domin jirage, ƙafa 7 ne. Shi ya sa komai na cikinsa a jere yake, kicin da falo da bayi da gadaje, mutum biyu ba sa gilma juna sai ɗaya ya raɓe. Mai haya ba ya buƙatar lasin tuƙi. Ma'aikacin wurin ya shiga tare da mu, ya nuna mana abin da ya sawwaƙa, ya sauka a gaɓa ya ɗaga mana hannu.

Tuƙin yana son natsuwa. A baya kake tsaye riƙe da sandar juya jirgi, in kana son hanci ya yi dama sai ka tura sandar hagu. Babu birki, ribas ne birkinka, kuma ƙarfe mai nauyin tan-tan ba ya tsayawa nan take, sai ka fara shiri tun daga nesa. Abin da ya fi ba sabon shiga wuya shi ne jirgin daga tsakiyarsa yake juyawa: gaba na yin dama, baya na fita hagu. Ƙa'ida ba a wuce mil 4 a awa, in kuma ka zo gilma jiragen da ke ɗaure sai ka rage wuta ƙwarai, domin akwai masu zama a cikinsu shekara da shekaru, igiyar ruwanka na iya kifar musu da tukunya. In kun haɗu da wani, kowa ya riƙe damansa, saɓanin titin motar ƙasar.

A New Marton muka fara cin karo da lok, wato wani ɗakin ruwa mai ƙofa gaba da baya da ke ɗaga jirgi ko sauke shi. Uwargida ta sauka da sifanar da aka ba mu, ta rufe ƙofar baya, ta murɗa abin sakin ruwa na ta gaba a hankali. Ina ƙasa tsakanin bango biyu masu gansakuka, ruwa na tafasowa daga ƙarƙashi, jirgin na tashi da ni kaɗan-kaɗan har kaina ya kai daidai ƙafarta. Ta ce, "Maigida, riƙe shi da kyau, ruwan na jan sa gaba." Gaskiyarta. Wanda zai sauko kuma ya kula da dakalin da ke gindin ƙofar sama, akwai farin layi da ke nuna shi. In bayan jirgi ya hau kansa ruwa na janyewa, nutsewa ba ta da wuya. Yara dai rigar hana nutsewa ba ta barin jikinsu a irin wannan wuri.

Daga nan sai gadar Chirk mai ɗauke da ruwan kanal ɗin, inda muka bar Ingila muka shiga Wales a kan kogin Ceiriog, gadar jirgin ƙasa na tsaye a gefenmu ta fi mu tsawo. Muna sauka sai ramin Chirk, mita 421 cikin duhu, jirgi ɗaya yake ɗauka. Ka kunna fitila, ka leƙa, in ka hango hasken wani ka jira.

Amma gadar Pontcysyllte ce ta kawo mu. Thomas Telford da William Jessop suka gina ta, aka gama a 1805, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2009. Kwami ne na ƙarfe cike da ruwa, tsawonsa mita 307, an ɗora shi kan ginshiƙan dutse mita 38 sama da kogin Dee. Gefe ɗaya akwai hanyar ƙafa da makari. Ɗaya gefen babu komai, sai bakin ƙarfen da bai fi ruwan tsawo da taƙi ɗaya ba, daga shi sai sarari. Na ce wa yara su shige ciki su kalla ta taga. Ƙaramar ta ce, "Abba, tumakin can kamar auduga." Ban amsa mata ba sai da muka kai Trevor, a ƙarshen gadar. Mutanen da suka yi wannan aiki ba su da injin ɗaga kaya irin na yau, ga shi har yanzu yana ɗauke da ruwa da jirage. Na girmama su ƙwarai.

Da yamma mukan ɗaure a gefen hanyar da dawakai ke bi a da suna jan jiragen kaya. Nan muke sallah, don kanal ɗin na ta lanƙwasa, alƙibla ba ta tsayuwa wuri ɗaya in ana tafiya. Nan kuma nake jefa fatsa. Sai da lasin kamun kifi na Hukumar Muhalli, wanda ke aiki a Ingila da Wales ga duk wanda ya kai shekara 13, sannan ga izinin ƙungiyar da ke riƙe da wannan yanki na ruwa. Ƙaramar ƙugiya da tsutsa ko ɓargon burodi sun wadatar. Kifayen ƙanana ne, wani mai jajayen idanu da azurfar jiki, wani mai ratsin baƙi da ƙaya a gadon baya. Sun fi ci da sassafe ko bayan jirage sun daina wucewa. A jiƙa hannu kafin a taɓa su, a zare ƙugiya, a mayar da su ruwa, haka dokar kanal take. Babban yaron ya so mu soya ko ɗaya ne, na nuna masa dalili: ruwan ɗan ƙarami ne, masu fatsa da yawa. A guji wayoyin lantarki da ke sama, doguwar sandar fatsa na jan wuta.

Tsakanin Trevor da Llangollen hanya ta tsuke har jirage biyu ba sa gilma juna, dole wani ya yi gaba da ƙafa riƙe da waya. Ruwan ma ture mu yake yi, domin daga kogin Dee ake shigar da shi a Horseshoe Falls, yana gangarawa har madatsar Hurleston inda ake tace shi don sha. Jiragen haya a Llangollen suke tsayawa, ragowar hanyar zuwa mafarin ruwan da ƙafa muka taka. Da muka juya kan jirgi a tashar garin, ruwan da ya wahalar da mu a zuwa shi ya riƙa tura mu, har sai da na rage wuta a kwanoni.