Lexus ES 350: wace shekara zan saya?

Tun da na fara hawa ES 350, wannan ce tambayar da 'yan'uwa da abokan aiki suka fi yi mini, kuma amsata ba ta canzawa. In kuɗinka na tsohuwar siffa ne, wato waɗanda aka ƙera daga 2007 zuwa 2012, to ka nemi 2011 ko 2012. Tawa 2011 ce. In aljihunka ya kai sabuwar siffa, 2013 zuwa 2018, ina ganin 2014 ko 2015 ta fi arha a kan abin da za ka samu. Amma 2007 da 2008, ko dillali ya rantse maka da abin da zai kashe shi cewa wata tsohuwa ce ta hau ta a Amurka zuwa coci kawai, ka tsaya ka yi tunani.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne injin ɗaya ne tun daga 2007 har 2018: 2GR-FE, silinda shida, lita 3.5, irin wanda ke cikin Camry V6 da Avalon da Highlander. Shi ya sa kayan gyaransa ba sa wahala a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma kusan duk bakaniken da ya san Toyota ya san shi. Sarƙa yake amfani da ita wurin taimin, ba bel ba kamar ES 330 da ta gabace shi. Sai mutum ya ce, to ai tun da inji ɗaya ne, bari in ɗauki mai arha. A nan ake shiga.

Shekarun farko sun zo da wani bututun mai da ke kai baƙin mai zuwa saman inji, wanda tsakiyarsa roba ce. In robar ta tsufa tana iya fashewa kana cikin tafiya, mai ya tsiyaye cikin 'yan mintuna, kafin ka ankara inji ya buga. Daga baya kamfanin ya mayar da shi ƙarfe zalla. Gyaran ba shi da tsada, amma sai in ka san da shi. Wanda ya sayi 2007 ko 2008, abu na farko da zai sa bakanike ya leƙa ke nan. Haka giyar 2007 ta yi suna wurin yin ɗan ihu tsakanin lamba uku da huɗu, musamman da safe kafin mota ta yi zafi: ka ji inji ya tashi sama, sannan giya ta kama. Don haka kada ka yarda a ba ka mota ka gwada bayan an riga an ɗumama ta. Ka ce za ka zo da sassafe, kai za ka fara tayar da ita.

Sai dashbod. Na 2007 da 2008 yana narkewa a wuraren zafi, ya yi danƙo kamar alewar da aka manta a rana, yana ƙyalli yana haske maka gilashin gaba. A Amurka kamfanin ya amince da matsalar a ƙarshen 2014, ya canza wa mutane kyauta na wani lokaci. Wannan rangwamen bai shafe mu ba, ranar Kano ta watan Afrilu kuwa ba ta san rangwame ba. In ka ga an shimfiɗa wa dashbod kafet mai gashi a wurin sayarwa, ɗaga ka taɓa da yatsa.

Akwai kuma dalilai biyu da suka sa na fifita 2011 a kan 2010, duk da fuskarsu ɗaya ce, don a 2010 aka sabunta fitilu da gaban motar. Na farko fetur. Daga 2007 zuwa 2010 littafin motar fetur mai daraja yake so, wanda a can ake saya daban a famfo daban. Daga 2011 aka daidaita injin ya sha na gama-gari, ƙarfinsa ya sauko daga doki 272 zuwa 268, bambancin da ba za ka taɓa ji a ƙafarka ba. Mu da gidan mai ke ba mu fetur iri ɗaya, ka sha ko ka bari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu burki. A watan Agustan 2009 wani ɗan sandan kan hanya na jihar Kalifoniya da mutum uku na iyalinsa suka rasu a cikin ES 350 kusa da San Diego, bayan tabarmar ƙafa da ba tata ba ta danne totur. Wannan haɗarin ne ya jawo kiran miliyoyin motocin Toyota da Lexus domin gyara, har da ES 350 daga 2007 zuwa 2010. Daga 2011 motar tana fitowa da tsarin da in ka taka burki da totur tare, burki ne ke yin nasara. Ina faɗin wannan ne saboda ɗabi'armu ta jibga kafet biyu ko uku a ƙarƙashin ƙafar direba don kada na asali ya yi datti. Ni a motata guda ɗaya ce, kuma a maƙale take da ƙugiyarta.

Sabuwar siffa ba sai na ja ba. Daga 2013 an ɗora ta a kan ƙashin Avalon, ta ƙara tsayi, mai zama a baya ya samu wurin miƙe ƙafa, sitiyari ya koma na lantarki. A 2016 aka faɗaɗa mata baki, kuma wannan bakin ne ake biya wa kuɗi mai yawa a kasuwa, alhali inji da giya ba su canza ba. Akwai ES 300h mai haɗin batir da fetur, wadda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suka fara waiwayarta. Tana da sauƙin sha ƙwarai, amma kafin ka saya ka tabbata akwai wanda ya iya batirinta a garinku, ba sai ka ɗauke ta zuwa Apo a Abuja ba.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. A Legas da sauran wurare ana yi wa waɗannan motoci abin da dillalai ke kira "upgrade": a cire bamba da fitilun 2008 a sa na 2012, ko a ɗora wa 2013 fuskar 2017. Aikin yana fita tsaf, ido ba ya ganewa. Ba laifi ba ne in an gaya maka. Laifin shi ne a sayar maka da ita a kuɗin shekarar da ba tata ba. Wani dillali ya taɓa nuna wa ƙanina wata fara ƙal, ya ce 2012 ce, "Yallaɓai, ko sati biyu ba ta yi da sauka ba." Muka duba lambar shasi a ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Harufa da lambobi 17 ne, na goma shi ne shekara: 7, 8, 9 na nufin 2007, 2008, 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har J, wato 2018, don ba a amfani da I. Tasa 8 ce. Ka kuma gwada lambar da wadda ke jikin ƙofar direba da ta takardun kwastan, su zo ɗaya.

Da wannan lambar ce za ka biya 'yan kuɗi a ciro maka tarihin motar a Carfax, ko ka rubuta ta a Google kawai. Da yawa daga cikin waɗanda muke kira 'yan Beljiyam daga gwanjon Copart ko IAA na Amurka suke, kuma hotunan ranar gwanjon sukan kasance a intanet. Wadda aka buga wa bamba ko ƙofa ba ta dame ni ba, mai gyaran bodi zai gama da ita. Wadda jakar iska ta fashe, sai an tabbatar an mayar da ta gaske, ba an cusa tsumma an ɗinke ba. Wadda ambaliya ta ci kuwa, irin na guguwar Sandy a 2012 ko Harvey a Houston a 2017, ko kyauta ce ba na so, don wayoyinta za su yi ta ba ka mamaki ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga kafet ɗin but, ka shinshina, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa.

Duk da haka, in aka ajiye mini 2009 mai tsabtataccen tarihi, wadda aka canza wa bututun mai, kusa da 2012 da ta sha ruwa ko aka murɗe mata mil, 2009 zan ɗauka ba gardama. Kuma ko wace ce ka saya, ka ware kuɗin famfon ruwa da kwayil, don su ne ke fara gajiya a wannan injin, kuma kwayil ukun baya sai an cire saman inji ake kai musu. Ka tuna motar ƙasa-ƙasa take. In unguwarku irin mai kwatami ce da damina, ka je da motar har ƙofar gidanka kafin ka biya.