Littafin koke da ya rufe mini ido

Shekara uku na yi ina aiki a ofishin mazaɓa na wani ɗan majalisar dokokin jiha, kuma a makon jiya na miƙa makullai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuskuren da na tafka a ƙarshen 2023, lokacin da aka ce in tattara buƙatun jama'a domin a cusa su cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa.

Na jawo littafin koken da ke kan teburina na ƙirga, sai na tarar fitilun titi masu amfani da hasken rana da kwalbatin bakin kasuwa ne aka fi nema, na sa su a kan gaba. Ban tsaya na tambayi kaina su wane ne ke da halin zuwa su rubuta koke ba. Ofishinmu yana hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin acaɓa ya yi tashin gwauron zabi, har mutumin ƙauye ya daina shigowa gari sai ya zama dole. Ashe littafin nan muryar 'yan kasuwa da ma'aikata da shugabannin jam'iyya kawai yake ɗauke da ita.

Bayan an kafa fitilun, ta'aziyya ta kai mu gunduma mafi nisa. Da aka shafa fatiha, mai gari ya kama hannuna ya kai ni gindin famfon tuƙa-tuƙa wanda hannunsa ya karye tun kafin damina, ga 'yan mata suna dawowa daga kududdufi da jarkoki cike da ruwa ja wur. Ya nuna mini ɗakin shan magani da iska ta yaye wa kwano, babu ungozoma, babu ko gadon haihuwa. Ya ce, "Ɗana, mu ba mu iya zuwa wurinku, ku kuma ba ku zo ba." Na ce, "Baba, laifina ne," domin ba ni da wata amsa. Na karanta rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 da ya nuna kashi 72 cikin ɗari na mazauna karkara suna fama da talauci ta fuskoki da dama, a birane kuwa kashi 42, amma sai ranar nan na ga wannan giɓi da idona a cikin mazaɓa guda.

Da mutanen ƙauyen suka kai kuka gidan rediyo, babban hadimin ɗan majalisar ya shaida wa mai gida cewa ni kaɗai na tsara jerin, alhali shi hadimin ne ya sa hannu, kuma ɗan kwangilar fitilun yaronsa ne. Na yi shiru, amma har yau abin yana yi mini ciwo. Duk wanda zai gaje ni ya riƙa ajiye kwafin kowace takarda, kuma ya saurari mata dabam da maza.

A shekarar da ta biyo baya na zagaya kowace gunduma a kan babur ɗina, da man da na saya da kuɗina. An gyara famfon nan kafin azumi. Ɗakin shan maganin kuwa har na bar aiki babu rufi.