Fulas ɗin kunu

Ranar Alhamis muke zuwa gaida marasa lafiya, mu 'yan Zumuntar Mata. Shekarar da na fara bin su ni ce mai rawar kai. Na haddace ƙarshen Matiyu sura 28, inda Ubangiji ya ce a je a almajirtar da dukan al'ummai, don haka duk wadda ta shiga asibiti ta fito ba ta yi wa'azi ba, a wurina tsoro ne ya kama ta. Jakata kullum cike da takardun bishara.

Wata rana a ɗakin mata na tarar da wata yarinya, da ƙyar in ta kai shekara 20. An yi mata aiki, jaririn bai zo da rai ba. Na zauna bakin gado, na buɗe Littafi Mai Tsarki, na yi ta zuba. Ita dai "to, to" take cewa, idonta na kan gadon kusa inda ake zuba wa wata tuwo. Ni ko a jikina.

Sai Mama, shugabarmu, ta dafa kafaɗata. "'Yata, kin tambaye ta ko ta karya?"

Ashe tun jiya ba ta sa komai a baki ba. Mai jinyarta ta koma ƙauye neman kuɗin magani, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san abinci da wanki da ɗebo ruwa a wuyan mai jinya suke. Mama ta ciro fulas, ta tsiyaya mata kunun gyaɗa, ta riƙe mata kofin. Daga nan ta tattara zannuwan da suka ɓaci ta nufi bakin famfo, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hanya ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi in duba Yaƙub sura 2, wurin mai ce wa mayunwaci ya sauka lafiya ya ƙoshi, bai ba shi ko loma ba. Ta kuma tuna mini cewa Miller na Zariya, wanda da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da ta fito a 1932, likita ne. Amma ta ja mini kunne: kunu ba ƙugiya ba ne. Ko mutum ya saurare ki ko bai saurare ki ba, yunwarsa yunwa ce.

Kwana tara muna karɓa-karɓa a kanta. Ranar da za a sallame ta, ita da bakinta ta ce, "Yaya, me ya sa kuke mini haka, ba ku san ni ba?" Ni mai wa'azin minti ashirin sai na rasa ta cewa. Da ƙyar na ce Yesu ne ya fara yi mana. Ta ce in yi mata addu'a, na yi.

Alhamis mai zuwa sayen gyaɗa a kaina yake, ga mudu ya yi tsada.