Kifin Teku da Akuyar Maƙwabta

Asabar, Jos.

Yau ban leƙa ko ƙofar gida ba sai bayan la'asar, domin tun da asuba hadari ya haɗo ta gabas, aka yi ɗan yayyafi, gari kuma ya ɗauki irin sanyin nan na Jos da ke sa mutum neman rigar sanyi ko a watan Afrilu. Ina cikin wanke-wanke sai na ji Auta, wadda ba ta cika shekara huɗu ba, ta sake ɗauko waƙarta ta jaririn kifin shak, tana haɗa 'yan yatsu tana buɗewa kamar bakin kifi. Tun ranar da aka koya musu ita a makaranta ba ta bar kunnen kowa ya huta ba a gidan nan.

Inna, wadda ta zo mana daga Malumfashi kwana shida ke nan, tana zaune a kan tabarma da lazimi a hannu. Da ta shafa addu'a sai ta dubi yarinyar ta ce, "Ke kishiyata, wane irin kifi ne wannan da yake da uwa da uba har da kakanni? Tarwaɗa ce ko karfasa?" Auta ta tsaya tana kallona, ni ma kuma sai da na yi jim kafin na ce, "Inna, wani babban kifi ne mai haƙora da ke zaune a cikin teku." Na ƙara mata da cewa wani kamfani na Koriya ta Kudu mai suna Pinkfong ne ya saki bidiyon a 2016, kuma a watan Janairun 2022 ya zama bidiyo na farko da aka kalla sau biliyan 10 a YouTube. Inna ba ta nuna alamar wannan lissafi ya burge ta ba. Abin da ta ce kawai shi ne, yarinyar da aka haifa a kan duwatsu, wadda ko kududdufi ba ta taɓa shiga ba, ita ce ke yi wa kifin teku kirari.

Maganar ta tsaya mini a rai har na gama aikin safe. Garin nan yana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma kafin mutum ya ga bakin ruwan gishiri sai ya wuni a mota. Duk da haka, da na zauna na lissafa waƙoƙin dabbobi da Auta ta iya, sai na ga kusan dukkansu daga ƙetare suke: akwai ta tsohon manomin da ke da gona cike da dabbobi kowace da kukanta, akwai ta 'yan agwagi biyar da ke fita yawo suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma ta baƙar tunkiya mai buhu uku na ulu. Wannan ta ƙarshen ta fi ba ni mamaki, saboda tsohuwar waƙa ce da aka fara bugawa a Ingila wajen 1744, a ƙasar da ake yi wa tumaki aski a saƙa tufafi da gashinsu. Tumakinmu kuwa, ko 'yankasa ko uda ko balami, gajeren gashi gare su, ba wanda ke kiwon su don ulu. Na tambayi Auta me tunkiyar take da shi a cikin buhunan, sai ta ce da ni dusa ce, kuma ban ga laifinta ba, domin buhun da ta taɓa gani kusa da tunkiya ke nan.

Bayan la'asar muka fito da tabarma ƙofar gida don mu sha ɗan hasken rana. Wani yaro makiyayi ya wuce da shanu ta filin bayan unguwa, balbelu na biye da su suna tsintar ƙwarin da kofato ke tayarwa. Na nuna wa Auta na tambaye ta sunan tsuntsun, sai ta ce agwagwa ce. A nan ne Inna ta gyara zama. Ta gaya mata cewa wannan ita ce balbela ci da motsin wani, ta kuma nuna mata yadda muke kaɗa yatsu sama idan garkensu ya gifta da yamma, muna waƙa muna roƙon su ba mu fari a farce. Daga nan ta zarce zuwa shamuwa, wadda ke isowa ƙasar Hausa a goshin damina ta yi sheƙa a kan manyan itatuwan gari, babu mai jifarta, kuma ganinta ke sa manomi ya fara gyara gona. Ta rera waƙar da yara ke tarbar ta da ita, da muryarta da ta fara rawa, tana tafa hannu a hankali. Na yi niyyar yi mata amshi kamar yadda nake yi ina ƙarama, sai na tarar baiti biyu kawai suka rage mini, sauran sun zube ban san lokacin ba. Na ji kunya ƙwarai, musamman da Inna ta harare ni ta gefen ido ba ta ce komai ba.

Babban yarona, wanda Inna ke kira Maigida, yana gefe yana gyaran kekensa. Can sai ya ɗago kai ya ce, "Mama, ai ku ma kuna waƙar zaki da giwa. Kin taɓa ganinsu a lokacin?" Gaskiya ya faɗa, kuma ya rufe mini baki. Duk tatsuniyoyin da aka yi mana a ɗakin kaka, da waƙoƙin da ke tsakiyarsu, cike suke da zaki da giwa da ɓauna, alhali ni ban taɓa sa zaki a ido ba sai da aure ya kawo ni Jos, aka kai ni wurin ajiye namun daji da ke hanyar Miango, wanda aka kafa a 1972. Ko kura ma sau ɗaya na gan ta, da takunkumi a baki, a hannun gardawa ranar kasuwa. Ashe ke nan yaro bai taɓa buƙatar ganin dabba kafin ya yi mata waƙa ba, kuma ƙorafin da na wuni ina yi a zuci game da nisan teku ba shi da ƙarfin da na zata.

Duk da haka akwai bambancin da na ƙi sakewa, kuma sai da muka koma ciki na iya kama bakin zarensa. Yawancin waƙoƙin da Auta ke kawowa daga makaranta suna koyar da kukan dabba ne ko ƙidaya, wanda ba abin rainawa ba ne, tun da ta hanyar agwagin nan ta iya ƙirga biyar ta koma baya. Namu kuwa hali suke ba dabba. Kura tana zuwa da kwaɗayi da tsoro, dila da malanta da wayo, hankaka shi ne mai da ɗan wani naka, Gizo kuma ba ya fitowa sai da wata dabarar da za ta ƙare a kansa. Yaron da ya tashi da waɗannan, idan ya girma ya ji an kira wani kura, ba ya buƙatar fassara. Sannan waƙoƙinmu ba sa tsayawa da baki ɗaya: sai da mai bayarwa da masu amshi, shi ya sa dole ka nemi 'yan'uwa a dandali kafin waƙa ta yi daɗi. Auta kuwa takan zauna ita kaɗai da wayata a cinya, waya na bayarwa waya na amsawa.

Bayan sallar isha aka ɗauke wuta, wayar ma cajinta ya ƙare, Auta ta fara ƙananan koke-koke. Inna ta jawo ta jikinta ta tambaye ta wace dabba ce ta fi sani a duniya. Ba ta yi wata-wata ba ta ce akuyar maƙwabta, wadda shekaranjiya ta shigo ta cinye mini alayyafon da na shuka a gindin famfo. Nan take Inna ta ƙirƙiro waƙa, tana cewa, "Akuya mai jan kunne, wa ya aike ki lambun Mama?" mu kuma muna amsawa da "Ba kowa, yunwa ce." Maigida ya kifa bokiti yana kiɗa, mahaifinsu da ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya, sannan ya ƙara nasa baitin a kan igiyar shanya da akuyar ta taɓa tsinkewa. Mun yi ta juya ta har sau goma sha wani abu, kowane zagaye da sabon laifin da ake ɗora wa baiwar Allah.

Na roƙi Inna gobe bayan karin kumallo ta sake rera mini ta shamuwa daga farko har ƙarshe in ɗauka a waya, ta ce sai na biya ta da goro. Auta ta yi barci a cinyarta. Da na ɗauke ta zan kai ta gado sai na ji tana gunguni cikin magagi, na kasa kunne, ashe amshin akuya take yi, amma da karin waƙar kifin.