Daga filin wasa zuwa koci a ƙwallon Ostareliya

Na buga ƙwallon Ostareliya a layin baya na wata ƙungiyar unguwa a Melbon, daga baya na karɓi horar da yara 'yan ƙasa da shekara 14. Abin da ƙafa ta iya ba ya koyuwa da kallo kawai, sai koci ya warware shi dalla-dalla.

Bugun dirop fant, wato a saki ƙwallo daga hannu a buga ta kafin ta taɓa ƙasa, shi ne tushe. Ƙwallon wasan, wadda ake kira Sherrin, doguwa ce kamar ƙwai, ana so ta tafi tana juyi da baya, kai bisa gindi, don ta miƙe kuma ta yi sauƙin cafewa. Yaro ya riƙe ta ɗinkin na kallon inda zai buga, ya raka ta ƙasa da hannun da ke gefen ƙafar bugu, ya miƙe yatsun ƙafa, ya doki ƙasan tsininta da bayan ƙafa. Yawancin ɓarna a wajen saki take. Idan ya sake ta da hannu biyu daga sama, sai ta karkace kafin ta iso ƙafa, ta tafi gefe. Idan ya jingina da baya, sai ta yi sama ta faɗo kusa. Shi ya sa nake fara su da mita 10 tsakanin mutum biyu, ba gudu, har sai juyin ya daidaita, sannan mu ja zuwa 20. Bugun da bai kai mita 15 ba, ko an cafe alƙalin wasa ba zai ba da mak ba, wato damar da mai cafewa ke samu ya tsaya ya buga ba mai tare shi.

Miƙa ƙwallo kuwa da dunƙulallen hannu ake naushinta daga tafin ɗayan hannun. Jifa laifi ne. Masu raina miƙa ƙwallo da naushi su tuna wasan ƙarshe na 1970, lokacin da ƙungiyar Carlton ta koci Ron Barassi ke bayan Collingwood da maki 44 a hutun rabin lokaci, ta dawo da yawan naushin ƙwallo da gudu ta ci kofin.

Akwai gwanayen 'yan wasa da suka zama gwanayen koci, kamar Leigh Matthews: ya buga wa Hawthorn wasa 332, da ya zama koci ya kai Collingwood ga kofi a 1990, ya kai Brisbane Lions sau uku a jere daga 2001 zuwa 2003. Ba kowane gwani ne ke yin haka ba, domin gwani yakan ƙosa da mai jinkirin fahimta. Ni gyara ɗaya nake ba yaro a atisaye guda, kuma rubu'in lokacin bugu nakan ware wa ƙafar da ba ta saba ba.