Godiya Bayan Baje Kolin Zane-zanena

Alhamdulillahi. Jiya da magariba muka sauke zane na ƙarshe daga bango, baje kolin kwana biyar a Kano ya ƙare lafiya. Duk wanda ya tako, da wanda ya yi addu'a daga nesa, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Mutane da yawa sun tambaye ni dalilin da ya sa zanena bai wuce shuɗi da ja da fari. Wannan bashi ne da mutum biyu ke bi na.

Na farko malamina na Zariya. A da kwafi kawai na iya. A ba ni hoto in fitar da shi har ƙurajen fuska, abokai su yi ta kambama ni. Wata rana Malam ya daɗe tsaye gaban wani zanena, sai ya ce, "Hannu kam akwai, amma kai kana ina a ciki?" Na ji haushi sosai, sati guda ina kauce masa. Daga baya shi ya zaunar da ni, ya ba ni labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, da yadda ɗaya daga cikinsu, Uche Okeke, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina salonsa a kai. Ya ce in je in duba abin da ke ƙofar gidanmu. Malam, na gode da wannan faɗan.

Na biyu wani dattijo marini a Ƙofar Mata. Lokacin da fenti ya fi ƙarfin aljihuna, shi ya cika mini gora da ruwan baba, ya ƙi karɓar ko sisi. Na haɗa da jar ƙasa da farar ƙasa, na dama da ƙaro. Na farkon duk sun tsattsage da suka bushe, ƙaron ya yi yawa. Sai da na ɓata takarda ba adadi kafin hannuna ya gane awon. Da launi uku kacal, dole na daina bin kowane gashin gira, na koma kallon inuwa da zanko da lanƙwasar dagi. Baba, Allah ya ƙara lafiya.

Inna kuwa, da ta haƙura da tabon shuɗi a tabarmarta shekara da shekaru, ba ni da bakin gode mata.

Waɗanda suka sayi zane, a zo a karɓa ranar Asabar bayan la'asar.