Inda na kwana da muƙalar Argungu

'Yan uwa masu koyon gyara a Wikipedia ta Hausa, ga inda aka kwana a nawa ɓangaren. Har yanzu da waya nake aiki, kuma na tsaya a kan abu ɗaya, bikin kamun kifi na Argungu.

Abin da na fi shan wuya a kai shi ne manazarta. Ni ɗan Kabi ne, na san Matan Fada, kogin da ake bikin a cikinsa, na ga masunta da gora da homa suna faɗawa ruwa lokaci guda kamar an buɗe wa tumaki garke. Amma "na gani da idona" ba ya shiga muƙala. Duk jimlar da ba ta da littafi ko jarida a bayanta, wani edita yana iya cire ta, kuma da gaskiyarsa. Don haka na fara da abin da ke rubuce: an soma bikin a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ta gada a 2016, kuma shafinta ya ambaci kabanci, wato gasannin da ake yi a cikin ruwa, da Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta. Wannan ya ba ni madogarar jimla uku cur.

Ku lura da tsofaffin littattafai. Wanda aka buga kafin 1991 zai iya ce maka Argungu tana Jihar Sakkwato, domin a ranar 27 ga Agusta na shekarar aka yanke Jihar Kebbi. Mutanen Zamfara ma ku kula, naku 1996 ne. Littafin bai yi ƙarya ba, zamani ne ya wuce shi, sai ka rubuta yadda abin yake yau.

Hoto kuwa, kada ka ɗauko na Facebook ka ɗora a Commons, ma'ajiyar hotunan Wikipedia, gogewa za a yi. Wanda ka ɗauka da wayarka shi ne naka. Na ɗora na ƙofar gidan tarihin Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, yana nan lafiya lau.

Inda na ƙi sassauci shi ne fassarar na'ura. Na tarar da sakin layi da Bahaushe zai karanta sau biyu bai gane ba, ga ƙ da ɗ duk an mayar k da d. Gara in rubuta layi biyar da za a iya karanta wa tsohon masunci ya gyaɗa kai. Wani da ya daɗe a harkar ya bar mini saƙo a shafin tattaunawa, ya ce in riƙa cike ɗan gurbin nan na taƙaita gyara kafin in wallafa, don mai duba tarihin shafi ya san me aka taɓa. Na ɗauka.

Gaba sai Surame, tsohon birnin Kanta. Wanda ke da littafi a kai, ya yi mini magana.